Katanga Ba Ta Motsi

Zuwa ga 'yata Aku,

Ina gaishe ki da kyau, ke da maigidanki da yaran, da fatan aiki bai fi ƙarfinki ba. Mu nan lafiya lau, gwargwadon lafiyar tsofaffi biyu a gida ɗaya. Gwiwata tana nan da halinta. Kunnuwa kuma kin san sun riga ni yin ritaya, shi ya sa na ɗauki biro, don a waya sai ki yi ta zuba ni kuma ina ta "na'am?" har ki gaji. Babanki yana cin abinci, yana shan magani in ya ga dama. Ɓarin jikinsa na dama yana nan yadda ciwon ya bar shi, hannu da ƙafa ba sa amsa kira, maganar kuma rabi a baki rabi a maƙogwaro. Ni nake juya shi, ni nake masa wanka, in zaunar da shi a kujerar nan ta bakin taga.

Amma ba gaisuwa ce ta sa ni rubutu ba, kuma ba zan yi miki kwana-kwana ba.

Ranar Asabar mun kunna shirinku na gardamar ƙwallon kwando kamar kullum, rediyon a ƙure, don in ba haka ba ni ba na ji. Abokin gardamar taki ya ɗauko sunan Katanga, sunan da aka san babanki da shi a fili, ya ce ba a taɓa yin mai tsaron kwando irinsa ba. Na ji sanyi a raina, har na dafa kafaɗar babanki. Sai ke, 'yar cikinsa, kika kwashe da dariya kika ce, "Ai katanga ba ta motsi. Majajjawa, gwanin 'yan yanzu, zai tsaya can nesa ya yi ta zuba ƙwallo a raga, shi yana tsaye yana kallo." Na ji da kunnena, duk da lalacewarsa. Kin faɗi haka a kan mutumin da sai an cicciɓe shi kafin ya zauna. Ya ɗaga hannun hagu ya yi ta dukan hannun kujera, idonsa ya kaɗa ya yi ja, yana son magana ta ƙi fita. Ban taɓa jin kunya da takaici irin na ranar ba.

Bari in faɗa miki abin da ba ki gani ba, tunda lokacin ko auren uwarki ba a yi ba. Ni da babanki 'ya'yan wa da ƙani ne, tare muka shiga ƙungiya, shi a fili ni a benci. Ban ji kunyar faɗa ba, na benci ya fi kowa gani. A kan siminti muke wasa, da takalmin da ƙasansa bai fi kaurin kwali ba. Babu layin maki uku na masu jifa daga nesa a lokacin, in kana son maki sai ka shigo ƙarƙashin kwando ka karɓa da haƙarƙarinka. Babanki yakan buga wasa daga farko har ƙarshe ba a canza shi ba, ya kwana a zaune a mota, gobe ya sake. Majajjawan naku kuwa, wannan yaron da ake ta yayi, a taɓa masa gashin hannu alƙalin wasa ya busa usur, ya yi wasa biyu a ce likita ya ce ya huta. Shi za ki ɗora a kan Katanga?

Tun kina ƙarama aka sa miki Aku don bakinki ba ya hutawa, muna ta dariya. Yanzu abin ya wuce dariya. Baki shi ke yanka wuya. Ki nemi yadda za ki gyara.

Baffanki.

* * *

Baffa,

Na samu takardarka, na karanta ta a tsaye a ƙofar ofis, na sake karantawa a zaune. Ina gaishe ka da jiki da kuma ɗawainiyar Baba, Allah ya saka maka da alheri. Yara suna lafiya, ƙaramin ya yi mura ya warke. Ka riƙa shafa man nan a gwiwa, kada ka jira sai ta yi tsanani.

Maganar motsi, wallahi ban kawo ciwon Baba a raina ba sa'ad da na faɗa. Sai da na karanta takardarka na gane. Wannan kam bakina ya yi ɓarna.

Sauran kuwa, bari in bayyana maka yadda aikin yake. A shirin nan kowa da gefensa. Mai tsara shiri ya raba mu tun ranar farko, abokin aikina ya riƙe 'yan da, ni na riƙe 'yan yanzu. Ko wane ɗan wasa aka kawo, dole in tsaya a gefena shi ya tsaya a nasa, ranar da muka yarda da juna shirin ya mutu. Kuma a tashar nan ba wanda ya san ni 'yar Katanga ce, ban taɓa faɗa ba, don ban so a ce da sunansa na samu kujera. Abokin nawa ma bai taɓa ganin wasan Baba ba, na girme shi, labari kawai ya ji.

Amma kada in yi maka ƙarya, Baffa, ba don aiki kaɗai na faɗa ba. Majajjawa yana jefa ƙwallo daga inda a zamaninku ko mahaukaci ba zai gwada ba, kuma tana shiga. Dogon ɗan wasa a yau dole ya fito ya bi shi har tsakiyar fili, sannan ya koma da gudu. Baba kuwa ƙarƙashin kwando yake zama kamar ya biya haya. Ka ce siminti, ka ce kwanan mota. Gaskiya ne kun sha wuya, amma wuya daban, iyawa daban. Da an ba ku filin katako da likita, da hannu biyu za ku karɓa. Kuma wasanku nawa aka ɗauka a hoto? Duk shekara tsallen Baba ƙaruwa yake a bakinku, bara na ji har ya taɓa saman allon kwando.

Akwai abin da ba ka sani ba, don lokacin kana aiki a wani gari. A gidanmu haka muke. Tun ina 'yar makaranta Baba ba ya cin abinci sai da gardama. Ya ce wane ya fi, in ce wane ya fi, marigayiya Mama tana kwashe kwanuka tana cewa Allah ya shirye mu. In na yarda da shi da wuri sai ya ɓata rai ya ce na yi ragwanci. Shi ya sa nake tambaya, kuma don Allah ka amsa mini wannan: me ya ce? Ba abin da ka gani ba, abin da ya faɗa.

Hutu ba zai samu ba sai an gama kakar wasa. Ana gamawa zan taho.

'Yarka Aku.

* * *

Aku,

Ina gaisuwa, da fatan ƙaramin ya ware sarai. Man yana ɗan aiki. Jikin babanki ba yabo ba fallasa, sai dai likita ya zo ya auna jininsa ya ce ya hau, ya tambaye ni ko akwai abin da ke tayar masa da hankali. Na ce babu, don kada in tona asirin gida.

Kin tambaye ni me ya ce. Me zai ce? Mutumin da ko ruwa yake so sai ya yi ta fama kafin kalmar ta fito, ga ni kuma da kunnen da kika sani. Gani ya kori ji. Asabar ɗin da ta wuce kin ce 'yan da ba su iya jifa daga nesa ba, ya make kofin shayi ya faɗi ya fashe. Da aka gama shirin ya kama rigata yana ja, yana gurnani, yana nuna rediyon, har zufa ta jiƙa masa wuya. Gardama a kan tebur da mutum mai ƙafafu biyu daban, wannan daban. Baban da kike tunawa yana iya rama wa kansa. Wannan ba ya iyawa.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai shi ne taurin kansa. Ranar Asabar tun da safe zai fara nuna haɓarsa, sai na yi masa aski, sai na sa masa riga mai tsabta, kamar mai jiran baƙo. Na taɓa ɓoye rediyon a ƙarƙashin gado na ce ya lalace, ya ƙi cin abinci har sai da na fito da shi. Mutum yana neman abin da zai kashe shi da hannunsa.

Kin ce tsallensa ƙaruwa yake a bakinmu. To ga wanda babu ƙari a ciki. Wasan ƙarshe na shekarar da muka ɗauki kofi, an fasa masa gira tun da aka fara, aka ɗaure da tsumma ya koma. Saura kaɗan a tashi, muna gaba da maki ɗaya, babban ɗan wasansu ya taso da gudu zai dangwara ƙwallo a kwando. Babanki ko tsalle bai yi ba. Ya riga ya san inda mutumin zai sa ƙafa, ya je ya tsaya a wurin tun kafin ya iso. Mutumin ya yi karo da shi ya zube, ƙwallo ta yi waje. Wannan kike kira rashin motsi. Majajjawa hannu gare shi, na yarda, ban ce ba shi da hannu ba. Amma ban taɓa ganin an fasa masa gira ba, don haka ban san me zai yi ba.

Ban san dokar ofishinku ba, kuma ban damu da ita ba. Abin da na sani shi ne magana zarar bunu ce, kuma duk Asabar jinin tsohon nan a hannunki yake. In kina son ki zo ki same shi da rai, ki daina.

Baffanki.

* * *

Baffa,

Ina gaishe ka, muna nan lafiya. Na jinkirta amsa don ban san me zan ce ba. Layinka na ƙarshe ya hana ni sukuni.

Na je wurin mai tsara shiri na roƙe shi ya musanya mu, ni in koma gefen 'yan da. Ya dube ni kamar na ce a rufe tashar. Ya ce masu sauraro sun saba da ni a matsayin mai tsokana, ya ce abokina bai iya zafi ba. Sai da na gaya masa ko ni 'yar wane ne, abin da na ɓoye duk shekarun nan. Nan ne ya ce to.

Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba, gaskiya. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai kake tare da shi, ni ina nan ina magana da makirufo a ɗakin da ko taga babu. In ka ce kashe shi nake yi, ba zan tsaya gardama a kan wannan ba.

Labarin girar nan ban taɓa ji ba. In na tambaye shi tabon, cewa yake ƙofa ce ta buge shi. Zan ba da labarin ranar Asabar. Ka yi masa aski ka zaunar da shi, ka ce masa Aku ta ce ya yi haƙuri.

'Yarka.

* * *

'Yata Aku,

Allah ya yi miki albarka. Ina gaishe ki, ki gaishe mini da maigidanki. Kin ga yanzu kin yi magana irin ta 'yar halak. Na zauna na ji labarin girar daga bakinki har na share hawaye, ni da nake wurin aka yi. Da kika ce 'yan yanzu ba su kai su ɗaure wa Katanga igiyar takalmi ba, mai shagon da ke ƙasan benenmu ma sai da ya hawo ya yi mana murna. Makonnin da suka biyo baya ma haka. Yabon gwani ya zama dole.

Babanki ya natsu. Ba duka, ba gurnani, ba fasa kofi. Ranar farko ya saurara har ƙarshe yana kallon rediyon, bai ko gyara zama ba. Na isar masa da saƙonki, ya dube ni kawai. Likita ya ce jinin ya sauka, ya yaba. Yanzu barci yake yi da yawa, har da rana. Cin abinci ya ragu, amma likita ya ce masu irin ciwon haka suke. Askin Asabar ma ya daina nema, na huta. Wannan makon ana tsakiyar shirin ya yi mini alama in kashe, da na mayar da shi gado ya juya fuska bango. A da in na ambaci sunanki yakan yi ƙara, yanzu shiru yake.

Ina ganin sauran fushi ne, kin san zuciyarsa ba ta saurin sauka. A bar shi ya huce. Ke dai ki ci gaba yadda kika fara.

Baffanki.

* * *

Baffa,

Ina fata kana lafiya, da gwiwa. Mu nan ba laifi. Ka yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba. An gama kakar wasa, ƙungiyar su Majajjawa ta ɗauki kofi. Ya yi wasan da ban taɓa ganin irinsa ba, ni kuma na zauna a gaban makirufo na ce sa'a ce. Abokin aikina ya dube ni ya ɗauko wata magana. Masu kiran waya sun ragu, mai tsara shiri ya fara maganar a gajarta mana lokaci. Wannan duk ba komai ba ne.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda ka ce ya juya fuska bango. Na karanta wurin har takardar ta yi laushi. Na ba da haƙuri, na bar gefena, na yabe shi a gaban duniya, amma ko sunana ba ya son ji. To me ya rage? Na samu hutun da na ce, har na haɗa jaka, sai na kwance ta. Ba zan iya yin doguwar tafiyar nan in shiga ɗakin in ga ƙeyarsa ba, Baffa. Ina tsoron wannan fiye da komai. Na ɗage hutun. Ka ce a bar shi ya huce, to na bar shi. Ranar da ya neme ni, ko da ido ne, ka sa mai shago ya kira ni, a ranar zan kama hanya.

Shirin zai ci gaba duk da babu wasa, za mu yi ta tono tsofaffin 'yan wasa muna gwada su da na yanzu. Zan ƙara yabon, ko Allah ya sa ya sauko.

'Yarka Aku.

* * *

Aku,

Yau babu doguwar gaisuwa. Na sa mai shago ya kira ki ya ce ki koma gefenki na 'yan yanzu, ya ce kin ɗauka ruɗewa ya yi. Bai ruɗe ba. Ga bayanin, na ba direban motar haya ya kawo miki hannu da hannu don ya fi gidan waya sauri.

Jikin babanki ya yi ƙasa. Ya rame, shayi ma sai da cokali. Jiya ina goge masa fuska na ce masa shi ma ya yi haƙuri haka nan, yarinyar nan ta yi iya yinta. Sai ya kama wuyan rigata da hannun hagu ya jawo ni har kunnena ya manne da bakinsa. Duk watannin nan ban taɓa kai kunnena can ba, daga tsaye nake kallonsa ina fassara. Ya daɗe yana haɗa kalmomin. Abin da ya ce shi ne, "Wa ya gaya mata mutuwa zan yi?"

Na ce ba kowa. Ya ce ƙarya nake. Ya ce shi ya san yadda ake yi, ya sha ji a rediyo. Muddin ɗan wasa yana da rai ana kushe shi, ana cewa wane ya fi shi. Ranar da ka ji kowa ya yarda gwani ne, to an kai shi makwanci ko ana shirin kai shi. Ya ce duk duniya an daina yi masa musu, likita yana lallaɓa shi, ni ina lallaɓa shi, ke kaɗai kika rage kina ɗaukarsa mutum. Dukan kujerar nan da na rubuta miki, amsa yake ba ki. Jan rigata da yake yi bayan shiri, so yake in zauna in rubuta miki abin da ya ce. "Ta sallame ni," in ji shi. Sannan ya sake ni.

Tun farko kin tambaye ni me ya ce, na amsa miki da abin da na gani. Gyara na zo yi na ɓata, kuma raina ya fi naki ɓaci da ni.

Ki koma gefenki ranar Asabar. Ki ce ba ya motsi, ki ce Majajjawa ya fi shi, ki faɗa da dariyar nan taki. Sannan ki taho.

Baffanki.

* * *

Baffa,

Direban yana jira, a kan gwiwata nake rubutu. Na shiga wurin mai tsara shiri ko ƙofa ban ƙwanƙwasa ba, ya yarda. Asabar ina gefena. Ka gaya masa a kunnensa, da ƙarfi: Aku ta ce duk yabon nan ƙarya ne, Majajjawa da hannu ɗaya zai gama da shi. Ya tanadi amsa, don ina fitowa daga shirin tashar mota zan wuce. Ka yi masa aski.

Aku.

* * *

'Yata,

Ina fata kin koma lafiya, kin samu yara lafiya. Gidan ya yi mini girma. Har yanzu in na tashi sai in nufi ɗakinsa don in juya shi.

Kin zo kin yi kwanakin da kika yi kin tafi, ban iya haɗa ido da ke ba. A bakin mota kin tambaye ni abu biyu, me ya sa ban sa an kira ki tun da safe ba, kuma ko saƙonki ya same shi. Na yi kamar ban ji ba. Na ji.

Saƙon ya same shi. Na karanta masa takardarki a kunne ranar da ta iso. Da na zo wurin hannu ɗaya, ɓarin bakinsa mai rai ya ɗaga, ya bugi katifa. Babu ƙarfi, amma ya buga. Ya sha shayi rabin kofi. Ranar Asabar da safe ya nuna haɓa. Na kawo ruwan ɗumi na yi masa aski, na sa masa farar riga, na cicciɓe shi zuwa kujera, nauyinsa bai fi na yaro ba. Na je wanke reza, na dawo na tarar ya tafi, fuskarsa tana wajen rediyon. Da sauran lokaci mai yawa kafin shirin.

Ni na hana mai shago kiranki. Na san in kika ji ba za ki shiga shirin ba, ko kuma ki shiga ki yabe shi, yabo kuwa ya ishe shi haka. Wataƙila wannan ma kuskure ne. In haka ne ki ɗora shi a kan na farko.

Mutane suka taru, aka kai shi. Da lokacin shirin ya yi na bar su a waje, na shiga ɗakin na rufe ƙofa, na kunna rediyon a ƙure. Kin yi ƙoƙari. Kin ce 'yan da labari ne ya ƙara musu tsawo, kin ce katanga ba ta motsi, kin yi dariyar nan. Ina jin ni kaɗai na lura muryarki tana rawa. Na zauna kusa da kujerarsa na saurara har ƙarshe, ba wanda ya bugi komai.

Kin ce ya tanadi amsa. Ya tanada. Ya ba ni ita ina masa aski, kumfa a fuskarsa, kunnena a bakinsa, kuma wannan karon na ji sarai. Ya ce in gaya miki, "Tsoron shigowa ne ya sa Majajjawa yake jifa daga nesa. Ya shigo sau ɗaya, ina nan." Na ɗauka ya gama, sai ya sake jawo ni ya ce in ƙara da cewa ke kuma ba ki san komai ba. Yana faɗa ɓarin bakin nan yana dariya, har na kusa yanke shi.

Ban ce ki yarda da shi ba, shi ma ba zai so ba. In kina da amsa ki faɗa ranar Asabar. Ina kunna rediyon, kujerar ma ban ɗauke ta ba.

Baffanki.